Ranar da za a binne mahaifiyar Anti aka sa mini difens

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle, kuma kwana tara kacal ya rage mini.

Ni nas ce, shekarata arba'in da uku, ina zaune a Dutse Uku da maigidana da 'ya'ya huɗu. A ɓangaren wankin ƙoda nake aiki a wani asibiti nan Jos. Da mu huɗu ne muka iya injinan, biyu suka samu hanya suka bar ƙasar, ya rage daga ni sai wata da ta girme ni, Anti nake ce mata. Bayarabiya ce Kirista, amma a Nasarawa Gwom aka haife ta, in tana zuba Hausa sai ka rantse Bakanuwa ce. Tun da na kama aiki muke da tsarinmu irin na ma'aikatan garin nan, ni in riƙe mata Lahadi da Kirsimeti, ita ta riƙe mini Juma'a da Sallah, ba takarda ba shaida.

Shekara bakwai ke nan da na jefa kaina cikin digirin digirgir, ban san abin da ya kai ni ba wallahi. Na nemi hutun karatu, oganmu ya ce ba hannu, in jira. Ban jira ba, na yi rajista a ɓoye. Duk ranar da sufabaiza, farfesan da ke duba karatuna, ya neme ni a jami'a can Naraguta, Anti ce ke haɗa aikina da nata, ta wuni a tsaye tsakanin injina, har sunana take sa mini a littafin zuwa aiki. Ni kuma in je in zauna a benci ƙofar ofishin farfesa tun hantsi, wani lokacin sai la'asar a ce ya tafi mitin. Babi na huɗu na kundin binciken kaɗai sau shida na sake shi. Hawan jini na same shi a wannan karatun, gashina ya zube, autata har cewa take laftof ce 'yar gidan Mama. Na gaji, gajiyar da ko an ce mini Dakta yau ban san ko zan iya murmushi ba. Sau biyu na ce na bari, Anti ta zage ni tas, ta ce ba ta yi ciwon ƙafa a banza ba.

To wata biyu da suka wuce mahaifiyarta ta rasu. Su kun san ba a ranar suke binnewa ba, ana ajiye gawa sai dangi sun taru sun tsayar da rana. Aka sa Juma'a ta sama, a can garin iyayenta Ogbomoso, kuma ita ce babbar 'ya, ita za ta fara zuba ƙasa. Da ta gaya mini ko bari ta ƙarasa ban yi ba, na ce ta tafi har sati guda, marasa lafiya suna wuyana. A shekara bakwai wannan ne abu na farko da ta taɓa nema a wurina bayan Lahadinta.

Shekaranjiya sufabaiza ya kira ni yana fara'a, wai an samu mai jarrabawa daga waje, difens ɗina, wato zaman kare kundina a gabansa, ranar Juma'ar da za a yi binnewar ce ƙarfe goma na safe. Na roƙe shi a matsa ko da kwana uku ne, ya ce mutumin Alhamis zai sauka, Juma'a da yamma ya wuce, mu biyar zai gani, kuma ƙarin wa'adin da aka yi mini shi ne na ƙarshe. In na rasa wannan, sunana ya fita.

Na juya abin ta ko'ina. Masu wankin Juma'a mutum shida ne, kowa awa huɗu a kan inji, ba aikin da za ka bar wa wanda bai koya ba ne. A cikinsu akwai dattijon da in ya ƙara kwana ɗaya ba wanki numfashi gagararsa yake. In na je wa oga da maganar sai ya tambayi yaushe na fara karatun, daga nan a buɗe littafi, Anti da saura mata shekara ɗaya ta yi ritaya ita za a fara kamawa. Maigidana ya ce in gaya mata gaskiya kawai, ai tana da ƙanne, su binne ta bi su daga baya. Shi da sauƙi yake ganin abin, bai taɓa ganin kumburin ƙafarta ba.

Jiya muna haɗa inji ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, me ya same ki? Ko farfesan nan ne kuma?"

Na ce mata kaina ne ke ciwo. Ta ce in zauna, ta karɓi allurar daga hannuna.

Har yanzu ban gaya mata ba, kuma ba don ina tsoron ta ƙi ba ne. Na san Anti. Ina buɗe baki za ta kira ƙannenta ta ce su binne Mama ba ita, ta zo ta tsaya a kan injinan nan ranar Juma'a, ko a fuska ba za ta nuna mini ba.

Don Allah ku gaya mini, in yi shiru in bar shekara bakwai ta tafi, ita ma ba ta san wahalarta ta tashi a banza ba? Ko in faɗa mata, alhali na san amsar da za ta ba ni?