Sai Na Kwanta Za Su Yarda

Suleja, daren Laraba, kakar 1979

Yau ma mijina Malam ya ƙi. Na sake yi masa bayanin likitar Zariya: tabon da ke bakin mahaifata bai zama ciwon daji ba tukuna, in an ƙona shi yanzu shi ke nan. Batun ƙwayar cutar da suke zargin ana ɗauka wajen kwanciya kuwa, ban ko taɓo shi ba.

Ya ce, "Ina ke miki ciwo, Binta?"

Na ce babu.

"To, don me za a kai wuta makwancin ɗa?"

Da la'asar ina dakan dawa, uwarsa ta nuna ni ga baƙuwarta daga Izom: "Ga marar lafiyar tamu, ji yadda turmi ke amsawa." Suka yi dariya, ni ma na taya su.

Asibiti ba za su taɓa ni ba sai miji ya sa hannu. Gidan nan kuma sai na kwanta za su yarda, ga shi likita ta ce ranar da na kwanta an makara.