Ɗigo na Biyu

Kawu Merle,

Wai don Allah, madubin bindiga mai ɗigo-ɗigo da wanda babu, wanne ne na kirki? Yi haƙuri, ban ma gaishe ka ba. Ina kwana, yaya gwiwar da wannan sanyi? Matata Darla tana gaishe ka, cikin ya tsufa, sai addu'a. Na rubuto ne tunda ba ka jin magana a waya.

Kawu, ina cikin damuwa. An buɗe lokacin farauta da bindigar ɗuri, na fita da wadda ka ba ni, tare da Baba Vernon, surukina, da ɗansa Rusty. Barewa ta tsaya can ƙarshen gonar masara, na harba, hayaƙi ya washe, ko gashinta ban taɓa ba. Ka san al'adarsu a nan. Da muka koma, Rusty ya zaro wuƙa ya yanke mini wutsiyar riga, ya kafe ta a bangon rumfa. Wai ɗan birni ya kashe iska, a kawo faranti. Kowa dariya, ban da Baba Vernon. Shi cewa ya yi kuskure ba laifi ba ne, amma duk wanda ya ji wa dabba rauni ta ɓace, ya gama riƙe bindiga a filinsa. Kawu, a filinsa muke zaune, kuma da naman nan muke so mu fita hunturu.

Na je shago. Mai shagon ya nuna mini madubi, a ciki akwai gicciye, ƙarƙashinsa ɗigo-ɗigo a jere. Ya ce harsashin ɗuri nauyi gare shi, yana faɗuwa a hanya, to in dabba ta yi nisa sai ka ɗora mata ɗigon ƙasa. Ya yi ta zuba lissafi, ni kuma ina gyaɗa kai don kunya. Ka amsa mini da wuri.

Ɗanka,
Dalton

Kawu Merle,

Ina fata ka tashi lafiya. Ni dai ban tashi ba.

Ban jira amsarka ba, na sayi mai ɗigon. Na gwada shi a kusa, a jikin kwali, harsashi ya shiga tsakiya, na ce shi ke nan. Ban gwada ɗigon nesa ba, albarushin ya kusa ƙarewa.

Yau da safe wata barewa ta fito, babba, a bakin rafi. Na ɗora mata ɗigo na biyu daidai bayan kafaɗa, kamar yadda aka ce. Ta yi tsalle, ta shige daji tana jan ƙafa. Jini kaɗan ne a wurin.

Baba Vernon ya karɓi bindigar ya leƙa madubin, ya tambaye ni dunƙulen albarushi nawa nake ɗurawa. Na ce biyu, yadda Kawuna ya koya mini, don bindigar ta tsufa. Ya ce waɗannan ɗigon don mai ɗura uku aka zana su. Da biyu, harsashin ƙasa yake sauka. Kawu, ni na ɗauka ɗigo ɗigo ne a kowace bindiga. Babu wanda ya faɗa mini, ko kuma an faɗa lokacin da nake gyaɗa kai.

Na zabura zan bi ta, ya riƙe mini hannu. Ya ce in aka kore ta yanzu sai ta tsallake zuwa gonar wasu, a bar ta ta kwanta tukuna. Shi ya sa nake zaune a kicin ina rubutu. Rusty ma yau bai yi tsokana ba, kofi ya zuba mini, wannan ya fi tsokanar ciwo. Darla tana tsaye a taga ta ƙi juyowa. Yanzu ta ce dusar ƙanƙara ta fara sauka. In ta rufe jinin, na shiga uku.

Ga Baba Vernon a ƙofa. Ya ce, "Bar bindigar nan, yaro. Ɗauko igiya."

Ban sani ba ko yana ganin za mu same ta a mace ne mu jawo ta da igiyar, ko kuwa raba ni da bindiga ya yi. Ban iya tambaya ba.

Ka yi mini addu'a, Kawu. Dole in tafi yanzu, tun jinin yana ganuwa.

Ɗanka,
Dalton