Na'urorin da Ke Jiran Almakashi

Zuwa ga Daraktan cibiyarmu ta koyar da fasahar sadarwa, Sabon Gari, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Falmata Bukar, mazauniyar Fagge, ni ke koyar da ɗaliban shekarar ƙarshe darasin hanyoyin sadarwar kwamfuta. Da albishir zan fara, domin koken nawa ma daga cikinsa ya fito.

Ɗalibanka biyu, Rahila da Nura, sun aika bincikensu ga wani taron masana wannan fanni, amsa kuma ta dawo: an yaba, an ce su zo su gabatar, amma da sharaɗi guda. Muna cikin aji saƙon ya shigo. Rahila ta karanta mana shi sau uku. Nura ya fita kiran babansa, ya manta takalmansa a ƙarƙashin tebur. Washegari mahaifiyar Rahila ta aiko mana da kwanon dambu tun daga Wusasa, ajin gaba ɗaya muka ci. Na daɗe ina koyarwa, ban taɓa jin daɗin rana kamar wannan ba.

Bari in bayyana aikin nasu yadda iyayensu ma za su fahimta. Duk abin da muke aikawa ta intanet, yanka shi ake yi ƙananan ƙunshi. A hanya akwai na'urori, swici da rauta, masu duba kowane ƙunshi su nuna masa ƙofar da zai bi, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Idan ƙunshi suka yi yawa a ƙofa ɗaya, sai layi ya kafu. Wurin jira in ya yi kaɗan, a zubar da wasu. In ya yi yawa, muryar mai magana ta maƙale a bayan hotunan wani. Masana a ko'ina suna fama da wannan har yau.

Nura ya ga matsalar ne a shagon babansa a Fagge. Da hantsi, in aka kwance sababbin atamfofi, kowane ɗan kasuwa a filazar da shagon yake sai ya hau tura hotuna ga abokan cinikinsa, a lokacin ne kuma mai POS zai tsaya yana ba mutane haƙuri. Rahila ce ta ce su je su tsaya a lungunan Kantin Kwari su kalli 'yan dako. Mai dila ɗaya a ka ana matsa masa ya wuce, amma ba a barin mai kura ya wuni a tsaye, in 'yan kaɗan sun wuce sai a tsayar da sauran a ba shi hanya. Wannan tsarin suka rubuta wa na'ura, suka gwada a kwaikwayon kwamfuta, ya yi kyau ƙwarai.

Ga koken nawa.

1. Sharaɗin da masanan suka gindaya shi ne a gwada tsarin a kan na'ura ta gaske. Suna da gaskiya. Kwaikwayo ba ya zafi, ma'ajiyarsa ba ta cika, ba a ɗauke masa wuta. Muna son mu ga yadda swici zai yi idan aka tsinke masa layi guda, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya nemo wata hanya bayan an koma janareta. Saura mako uku a rufe karɓar sakamako. In bai isa ba, an cire sunayensu.

2. Na'urorin da muke bukata muna da su. Suna ɗakin gwaji na bene, tun da aka kawo su bara, a cikin ledarsu. Duk Litinin ana goge su kamar kwanukan jeren amarya, in baƙi sun zo a buɗe ƙofa su leƙa su ce masha Allah. Ba a taɓa kunna su ba. Ɗalibaina sun haddace lambobinsu ta tagar gilashi, har Rahila ta zana bayansu a littafinta don ta san inda kowane kebul zai shiga.

3. Sau uku ina zuwa ofishinka da takarda. Karon farko aka ce ka yi tafiya. Na biyu aka ce takardar tana gaban kwamiti. Ranar Talatar da ta wuce ne sakatarenka ya tausaya mini ya faɗa mini gaskiya: ba za a kunna na'urorin ba sai an ƙaddamar da ɗakin, sai babban baƙo ya zo ya yanka kirtani an ɗauki hoto. Baƙon kuwa ya ɗage zuwansa sau biyu, ba a kuma sa sabuwar rana ba. Na sauko daga bene ina dariya ni kaɗai, don in ban yi dariya ba kuka zan yi. Shi ya sa na fito da maganar fili, ko Allah zai sa ta iso gare ka.

4. Ina roƙon kada wani ya taɓa Baba Audu, mai riƙe da makullin ɗakin. Shi ne ya sa hannu da aka kawo kayan, an kuma gaya masa duk abin da ya ƙone yana wuyansa. Ya fi kowa murna da nasarar yaran. Abin da ya ce mini ke nan: "'Yata, ki kawo mini layi biyu da hannun Darakta, ni da kaina zan ɗauko muku fanka."

Yallaɓai, ban manta ba, kai ka yi ta zirga-zirga har aka samo waɗannan na'urori, kai kuma ka dage aka riƙa ɗaukar 'yan mata a wannan sashe lokacin da wasu ke cewa aikin kebul na maza ne. Rahila tana cikin waɗanda ka buɗe wa ƙofa. Ban zo da faɗa ba.

Roƙona shi ne ka rubuta wa Baba Audu izinin buɗe mana ɗakin, daga bayan azahar zuwa la'asar, har kwana goma. Zan sa hannu cewa kayan suna wuyana, a sauke masa nauyin. Ba za mu kunna komai ba sai mai gyaran wutar cibiya yana tsaye. Idan baƙon ya zo daga baya, za mu goge komai tsaf, kuma zai tarar da fitilun na'urorin suna ƙyaftawa, ga ɗalibai biyu da za su yi masa bayani. Hoton ma zai fi kyau.

In kuma dole sai an yanka kirtani kafin a kunna, to ka yanka da kanka, a wurinmu babu baƙon da ya fi ka girma. Maƙwabcina tela ya yi alkawarin ara mana almakashinsa, baban Nura kuma ya ce kirtanin nasa ne, ka zaɓi launi kawai. Ranar Litinin da ƙarfe biyu za mu tsaya a ƙofar ɗakin, ni da su biyun, da kebul ɗinmu a hannu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci zuri'arka, ya sa ka ga ɗalibanka sun zama abin alfaharin Kano.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Malama Falmata Bukar, Fagge.