Mai Shaidar da Ya Gyara Takalma

Daren Talata, watan Rajab, Tambuwal

Murna ta hana ni barci. Yau Alƙali ya ɗauki maganata, ni sabon muhutinsa mai taya shi shari'a!

Wani attajirin Kebbe ya kawo shaidu biyu don ya ƙwace gonar matar marigayi ƙanensa. Da aka tashi azahar, na ga ɗayansu ya duƙa ya gyara wa attajirin takalma. Na raɗa wa Alƙali, "Allah gafarta Malam, wanga baransa ne."

Aka tambayi mai shaidar inda yake cin tuwo, ya ce, "Gidan maigida." Shaidarsa ta faɗi, don bara ba ya shaidar mai ciyar da shi. Da shaidu suka rage ɗaya, aka ce attajiri ya rantse, ya ƙi taɓa Alƙur'ani.

Aka bar wa matar gonarta, marayunta huɗu za su yi shuka bana.