Shekarun da ke Kan Takarda

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Takarda ta zo daga Yamai. Asusun ajiyar tsufa na kamfanin da na yi wa tuƙi shekara talatin ne ya aiko ta. Wai jika ɗari tara na sefa da na ciro a watan jiya, sai wanda ya cika shekara sittin ake ba shi ba a cire lanho ba, wato haraji. Katina na ɗan ƙasa ya ce 1965 aka haife ni, amma tsohuwar takardar haihuwata da ke hannunsu ta ce "wajen 1967". Su da ita za su yi aiki. Jika ɗari da tamanin zan mayar kafin ƙarshen Yuni.

Sau uku na karanta. Kuɗin suna cikin gonar Baba a Bonkuku, wadda na fanso daga jinginar Ɗangoma.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ban gaya wa Nasiba ba. Ta ga na bar tuwo, ta ce, "Malam, mi ya hwaru?" Na ce zafi ne. Shekara ashirin da takwas muna tare, ban jin ta yarda.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na gamu da Ɗangoma a kasuwar Filinge. Ya ce in gonar ta yi mini nauyi, ƙofarsa a buɗe take. Wa ya gaya masa? Na juyo gida, har na mance gishirin da aka aike ni.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na kira Faruk, magatakardan asusun. Ya ce in ina da shaidun da suka ga haihuwata, kotu tana iya gyara takardar. Mutum ɗaya ya rage, Gwaggo Tani a Tabla. Kullum ana ce mini Baba ya rage mini shekara biyu don lakwal, makarantar boko, ta karɓe ni. A kan wannan na dogara na sa hannu. Tsoro nake ji, wallahi. Gonar nan shekara goma sha ɗaya tana hannun wani.

Litinin, 2 ga Yuni

Na je Tabla. Gwaggo ba ta gani sosai, amma kanta garau. Na tambaye ta shekarar haihuwata, ta yi dariya.

"Issa, ni ban san lambobinku ba. Abin da ni sani, ranar da anka raba jar dawa, lokacin babbar yunwa, ranan nan haƙorinka na hwari ya hita. Ni ta cire ma shi, kana ta ihu."

Jar dawa 1974 ce, kowa ya sani. Yaron da ke famfarar farko bai fi shekara shida ba. Na lissafa a hanya, na sake lissafawa. Hamsin da bakwai. Ashe katin ne ya yi ƙarya, ba takardar ba.

Ta ce za ta rantse mini a kan duk abin da nake so. Tsohuwa mai shekara casa'in, in sa ta ɗauki Alƙur'ani a kan ƙarya?

Talata, 3 ga Yuni

Ban kira Faruk ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Na gaya wa Nasiba duka. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Ta ce, "A saida sa guda cikin shanun noman nan biyu. Gona ba ta tahiya." Na ce da sa ɗaya wa zai ja garma? Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai mana. Ashe yaro na aura."

Asabar, 21 ga Yuni

An sayar da san, kuɗin sun tafi Yamai. Har yanzu in waya ta yi ƙara sai na duba lambar kafin in ɗauka.

Ruwa ya sauka jiya. Na fita shuka da sassafe, ban ɗaga kai ba sai azahar. Sandar da nake dogarawa tun da na bar aiki, da na dawo na tarar da ita jingine a bayan ƙofa. Mantawa na yi, ina ji.