Na Taɓa wa Babanka Birki

Eufaula, Alabama
9 ga Maris

Zuwa ga ɗana Royce,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Noreen da jikokina. Yaya sanyin Alaska? Mu nan alhamdu lillahi. Goggonka Ozella ta fito daga asibiti, har ta koma zagin limamin cocinmu kan tsawon huɗuba, ka san kuwa ta warke. Babanka yana shan maganinsa na suga in na tsaya a kansa, in na juya baya kuma sai a hankali.

Dalilin rubutuna, Noreen ta gaya mini kana shirin aiko masa da sabon injin zare na fatsa, irin wanda ke taka wa kansa birki. Don Allah ka dakata, ka ji abin da na aikata tukuna.

Ka san halin babanka. Shekara arba'in da ɗaya ina zaune a bayan jirgin ruwansa, ban taɓa ganin ya ɗaure birkin injinsa ba. A sake yake barinsa, babban yatsansa ne birki. Ya riƙe koto da hagu, ya cilla shi ƙasa-ƙasa, yatsan na shafar zaren yana fita, kafin koton ya taɓa ruwa ya danne. Ko motsi ruwa ba ya yi, sai dai ka ga kifin bas ya taso daga gindin itacen da ke cikin ruwa. Kai ma ka sha faɗa a kan wannan, yana ce maka zare ba ya cukurkuɗewa sai hannun mutum ya yi barci. To, tun kaka sugan nan ya kashe masa yatsan. Yana motsi, amma ba ya jin komai. Ya cilla, kwarkwaron ya ci gaba da juyawa bayan koto ya faɗi, zare ya tashi ya cukurkuɗe. Sai ya zauna yana tsinta, yana ɗora laifi kan iska, ranar da ko ganye ba ya kaɗawa. Na ƙirga rannan, sau goma sha ɗaya kafin rana ta take. Wallahi kallonsa ya fi ƙarfina.

Ranar wata Juma'a da ya tafi aski, na shiga gareji na murɗa masa birkin, na ƙara matse notin gefe. Na ce a raina tunda yatsan ba ya ji, ai ba zai gane ba. Ka ji wautar tsohuwa! Washegari muka fita, zare bai cukurkuɗe ko sau ɗaya ba, har ya kama biyu. Ni ina ta murna ina miƙa masa burodin masara. Amma koton ba ya kaiwa inda ya nufa, sai ya tsaya a hanya ya faɗa ruwa da ƙara. A karo na biyar da hakan ta faru ya ɗaga sandar fatsar, ya saki zare don ya ga yadda koton zai sauka. Koton ya tsaya yana reto a sama, ya ƙi sauka. Ya juyo ya dube ni. Royce, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya warware duk abin da na ɗaure, ya miƙe tsaye ya cilla da ƙarfi. Zaren ya cukurkuɗe irin wanda ban taɓa gani ba. Ya yi ta tsinta, daga ƙarshe ya zaro wuƙa ya yanke shi duka, mutumin da yake cewa rago ne kawai ke yanke zare. Muka dawo gida. Kwana goma sha shida bai leƙa tafki ba. Kawunka Buford ya zo sau biyu yana tsokanarsa, wai kifaye sun yi taron godiya, ko murmushi bai yi ba. Ya zauna gaban talabijin ya rame a idona, ni kuwa na rasa bakin ba shi haƙuri. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, don na ɗauka na raba shi da ruwa ke nan har abada.

Shekaranjiya da safe sai na ji yana ɗaura jirgi a bayan mota. Na ɗauki hulata na shiga, bai ce in sauka ba. Da muka kai bakin itatuwan nan na bayan tsohuwar gada, ya kashe injin jirgin, ya daɗe yana kallon sandar. Sannan ya miƙo mini ita.

"Ɗaure birkin, Verna," ya ce. "Amma a gabana."

Na ɗaure, idona cike da hawaye har ba na ganin notin. Ya karɓa ya cilla, koton ya faɗi nesa da gindin itacen kamar taku uku. Ya tsaya kallon wurin, can ya ce in matsar mana da jirgin kusa. Na matsar. Haka muka yini, ina kai shi har bakin kowane itace. Bai kama komai ba, amma ya ce gobe ma za mu fita.

Saboda haka ka riƙe injinka. Abin da zai rage wa kansa, a bar shi ya faɗa da bakinsa. In kana son yi masa wani abu, ka zo da kanka a watan Afrilu. Sai dai na gargaɗe ka: in zarensa ya cukurkuɗe, kada ka miƙa hannu, ka juya ka kalli ruwa har ya gama. Likita ya ce ƙafafun ma sun fara mutuwa kamar yatsan, ban san ko baɗi zai iya tsayuwa a jirgi ba.

Ka gaishe mini da Noreen, da Tessa, da ƙaramin Hoyt mai sunan kakansa. Goggo Ozella da Kawu Buford suna gaishe ku. Babanka bai san na rubuta ba.

Ni ce mahaifiyarka,
Verna