Mutumin Fim Bai Iya Talge Ba

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
'Yata Lailatu ta zo da wani tsohon fim marar magana, wai ya haura shekara ɗari. Aikin makaranta ne, za ta nuna wa 'yan layinmu ta ji ra'ayinsu. Wai ni zan riƙa ari bakin mutanen ciki ina magana da Hausa, tunda bakina ba ya gajiya. Ji yarinya!

Laraba, 7 ga Mayu
Na kalla. Turawan da ne ke hasashen zamani mai zuwa: mata na tuƙa jirgin sama suna mulki, maza na gida da goyo suna girki. Don dariya aka yi shi. Ni ban yi ba. Tun da hannun matata Kubura ya shanye bara, ni nake girki in Lailatu na makaranta, ƙofa a kulle. In majalisa ta ji na shiga uku. Bakin Abdulwasiu mai walda kaɗai ya ishe ni.

Juma'a, 9 ga Mayu
Na ce wa Lailatu maƙogwarona na ciwo, ko ta ƙyale ni. Ta ce, "Baba, sha zuma."

Asabar, 10 ga Mayu
Alhamdu lillahi! Bayan la'asar aka cika shagona. Ina ta zuba, ana ta shewa, sai ga wani mai gashin baki a fim ya juye gari gaba ɗaya cikin tukunya. Ban san sanda na daka masa tsawa ba: "Kai wawa, haka ake talge? Dama shi da ruwan sanyi tukuna!"

Kowa ya juyo ya dube ni. Abdulwasiu ya ce, "Malam Sanda, ina ka san talge?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai maƙwabcina Ebenezer ya ce, "Gaskiyarsa, gudaji zai yi. Ni ma ni ke tuƙa wa matata Rose in ta makara a Kasuwar Kure." Nan musu ya kaure a kan tuwon shinkafa da na masara, har da Abdulwasiu, munafuki, ashe ya iya miyar kuɓewa! Fim ya ƙare ba wanda ya lura.

Lahadi, 11 ga Mayu
Kubura ta yi dariya har da hawaye. Wai matan layi sun daɗe da sani, tuwona gishiri ne ke masa yawa.

Talata, 13 ga Mayu
Yau a tsakar gida na hura wuta, ƙofa a buɗe. Zafi ne kawai ya yi yawa a ciki. Ebenezer ya leƙo aron muciya, na ce ya jira in gama.